Yadda ma'aikatan wani asibiti a zangon Kumasi suka karɓi allurar infuluwenza

Asibitin da wannan bayani ya shafa ƙarami ne, mai zaman kansa, a ƙaramar hukumar Asokore Mampong. Yana da ɗakin ganin likita, ɗakin haihuwa, ɗakunan kwanciya na maza da na mata, ɗakin gwaji da wurin ba da magani. Masu zuwa cikinsa mutanen Aboabo ne da Asawase da Sawaba, mafi yawansu da katin inshorar lafiya ta ƙasa a hannu, kuma duk abin da ya fi ƙarfinsa yakan tura shi asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye. Ina cikin ɗan kwamitin da ke kula da hana yaɗuwar cuta a asibitin, kuma bara ne aka ɗora mana aikin ganin ma'aikata sun yi allurar rigakafin infuluwenza.

Abin da ya tayar da maganar

A daminar da ta gabaci wannan aiki, zazzaɓi mai tari da ciwon jiki ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ya fara daga teburin karɓar kati, ya shiga ɗakin haihuwa, har ta kai ungozoma ɗaya ta haɗa aikin rana da na dare saboda babu mai canjinta. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba a jikin yawancinsu. Da aka ɗauki majinar wasu aka aika gwaji, sai ta nuna infuluwenza ce. A cikin wannan makon ne wani dattijo mai ciwon suga, wanda miki a ƙafa ya kawo shi, ya kama zazzaɓi da sarƙewar numfashi bayan ya kwana biyu a gadonmu, sai da aka garzaya da shi babban asibiti. Ya rayu, amma ya daɗe bai koma daidai ba. Wannan ne ya girgiza mai asibitin.

Mutanen wannan yanki ba baƙin cutar ba ne. A watan Disamba na 2017 ɗalibai 4 suka rasu a makarantar Kumasi Academy, wadda take nan cikin Asokore Mampong. Da farko hankali ya tafi ga sanƙarau, iyaye suka yi ta kwashe 'ya'yansu, kafin Cibiyar Bincike ta Noguchi da ke Legon ta tabbatar cewa infuluwenza ce nau'in H1N1, irin wadda ta zagaya duniya a 2009. Daga baya aka kawo allura aka yi wa 'yan makarantar. Tsofaffin ma'aikatanmu duk suna tuna ruɗanin waɗannan kwanaki. Amma da ƙura ta lafa, maganar allurar ta lafa tare da ita, domin rigakafin infuluwenza ba ya cikin jadawalin allurorin da gwamnati ke bayarwa kyauta a Ghana. Wanda yake so sai ya nema ya biya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara ta hanyar matsalar numfashi, kuma tun a takardar matsayarta ta 2012 ta sa ma'aikatan lafiya cikin waɗanda ya kamata a fara yi wa allurar. Ta sake jaddada hakan a 2022. Dalilin a fili yake. Mai ɗauke da ƙwayar cutar yana iya yaɗa ta kwana guda kafin shi kansa ya ji wani abu, wasu ma ba sa jin komai har su rabu da ita. Nas ɗin da ta tashi garau da safe ta sunkuya a kan jariri ɗan kwana uku tana iya zama hanyar cutar, ba tare da ta sani ba.

Tsarin da aka tarar

Shekaru kaɗan kafin nan, asibitin ya taɓa gwada abin. An manna takarda a allon sanarwa da Turanci, an kira taro da rana, wani likita ya yi lacca da majigi, aka ce duk mai so ya rubuta sunansa a wurin ba da magani za a cire kuɗin daga albashinsa. Likitoci da mai harhaɗa magani suka yi. Sauran kwalaben suka zauna a firji har wa'adinsu ya ƙare. Hukuncin da shugabanni suka yanke a lokacin shi ne ma'aikata ba su waye ba, ko kuma suna da taurin kai.

Kwamitinmu ya ƙi farawa daga wannan hukunci. Muka raba kanmu, kowa ya bi waɗanda yake shiri da su, a wurin cin waakye da rana, a benci bayan sallar la'asar, a ɗakin nas-nas da tsakar dare lokacin da aiki ya yi sauƙi. Ba takardar tambayoyi muka riƙe ba. Hira ce, kuma daga cikinta aka gane inda gizo ke saƙar.

Abin da ma'aikata suka ce

Kuɗi ne kan gaba, ko da yake ba shi ake fara faɗa ba. Sai hira ta yi nisa mutum zai ce, a albashin da bai kai ƙarshen wata ba, ga kuɗin makaranta ga kuɗin mota, ba zai sayi allurar cutar da yake ganin farasitamol da shayi mai citta suna maganinta ba. Wannan magana ce ta mai hankali, kuma babu laccar da za ta rushe ta.

Daga nan sai raina cutar. A wurin yawancin mutane mura mura ce, abin da hunturu ke kawowa da ƙura. Ko cikin nas-nas akwai waɗanda ba su raba murar hanci, wadda ake yawo da ita, da infuluwenza mai kayar da ƙato da zazzaɓi farat ɗaya, ta kuma zarce ciwon huhu a jikin tsoho ko mai ciki ko mai asma. Akwai kuma al'adar da ta fi wannan haɗari: a asibiti, wanda ya zo aiki da zazzaɓi shi ne jarumi. Ana yaba masa. Wanda ya kwanta a gida kuwa ya bar wa abokan aikinsa nauyi, kuma idan ma'aikacin wucin gadi ne, ranar ta tafi da kuɗinta. Wata mai goge-goge ta faɗa mini kai tsaye: “Malam, in na kwanta wa zai ba yarana koko da safe?” Ban da amsar da zan ba ta a lokacin, kuma tambayarta ce ta canza yadda kwamitin ya kalli aikin gaba ɗaya.

Sai tabon korona. Ghana ce ƙasa ta farko, in ban da Indiya, da ta karɓi allurai ta COVAX, shirin raba wa ƙasashe allurar korona, ranar 24 ga Fabrairun 2021, guda 600,000 na AstraZeneca, kuma ma'aikatan lafiya na cikin sahun farko. Da yawansu sun sha zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan allurar farko, kuma sun ji a ransu cewa an tura su ne, ba a nemi ra'ayinsu ba. Duk wata sabuwar allura yanzu da wannan idon ake kallonta. A ƙarƙashin wannan akwai tsofaffin labarai da ba su mutu ba: hayaniyar gwajin allurar Ebola a Hohoe a 2015, wadda ta kai har majalisa aka dakatar da shi, da kuma ƙin allurar shan inna a Kano a 2003, wanda zango ya ji labarinsa ta bakin 'yan'uwa da rediyo. Ma'aikacin asibiti ɗan unguwa ne. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp na danginsa yana shiga wayarsa kamar ta kowa.

Tambayoyin addini sun zo daga mutane kaɗan, amma da gaske suke yi. Ko akwai sinadarin alade a ciki? Ko tana karya azumin Litinin da Alhamis? Matan da ke da juna biyu ko suke shayarwa kuma tsoron abin da ke cikinsu ne ya hana su, alhali su ne cutar ta fi yi wa illa.

Akwai kuma waɗanda babu wanda ya taɓa tambayarsu komai. A wancan karon na farko, takardar da aka manna “ma'aikatan jinya” ta kira. Masu shara, masu wanki, masu tura marasa lafiya a keke, maigadi, direban motar asibiti, mai dafa abinci, ɗalibai masu koyon aiki, duk sun ɗauka ba da su ake ba, kuma gaskiyarsu ne, ba a sa su a lissafi ba. Mai shara kuwa ita ke kwashe tsumman majina, ita ke goge ƙarfen gado, ta fi likita daɗewa a ɗakin kwanciya nesa ba kusa ba. Mafi yawan waɗannan ma'aikata 'yan zango ne, wasunsu ba sa karanta Turanci. A ganina wannan ne babban ramin da tsarin farko ya faɗa.

Abin da aka canza

Kwamitin ya je wa mai asibitin da buƙata ɗaya kafin komai: ya biya kuɗin allurar ga kowa, har da na wucin gadi. Ya yi jim. Abin da ya shawo kansa lissafi ne, da aka ajiye masa abin da ya kashe wajen ɗauko nas-nas na haya a makonnin da ma'aikatansa suke kwance, kusa da farashin allurar. Ya yarda da shekara ɗaya a matsayin gwaji.

Sayen allurar kansa sai da aka yi nazari. Ƙwayar infuluwenza tana sauya kama, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take fitar da shawarar haɗin allura sau biyu a shekara, a Fabrairu don ƙasashen arewacin duniya, a Satumba don na kudanci. Ƙasashe masu zafi irin namu ba su da lokacin sanyi guda da cutar ke jira. A Ghana ana samunta duk shekara, kuma ba ta tsaya ga hunturu ba kamar yadda ake zato, damina ma lokacinta ne. Mai harhaɗa maganinmu ya nemi haɗin da ya fi sabunta a hannun dillalin da ke da rajista, ya duba lambar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna da ranar ƙarewar wa'adi, aka tsara a gama kafin ruwa ya kankama, tunda jiki na buƙatar kusan mako biyu kafin kariya ta kafu. Ba a saye duka a lokaci ɗaya ba. An fara da rabi, don kada a maimaita asarar baya.

Ajiya ma aiki ce. Allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ta daskare ta lalace. A garin da aka san dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, wannan na nufin ma'aunin sanyi a cikin firji, takardar da ake cikewa safe da yamma, da yarjejeniya da maigadi cewa da zarar wuta ta ɗauke da dare, layin firjin rigakafi ne farkon wanda za a ɗora a janareta. Shi maigadin, wani dattijo da kowa ke kira Baba, da aka bayyana masa cewa lafiyar allurar a hannunsa take, ya riƙe abin kamar amana. Shi ne ma ya tambaya ko shi ma yana cikin waɗanda za a yi wa.

Sannan aka daina jiran mutane su zo. Nas biyu suka riƙa zagayawa da akwatin sanyi a kan ɗan teburin turawa, lokacin canjin aiki na safe, na rana da na dare, har da Asabar da Lahadi. Masu aikin dare sun ce wannan ne karon farko da wani abu na asibitin ya same su a lokacinsu. An bi masu wanki har bayan gini inda suke shanya. Duk abin bai wuce minti kaɗan ba, sai ɗan zaman jira don a ga ko jiki zai nuna wani abu.

Wanda ya fi kowa tasiri ba likita ba ne. Babbar ungozoma ce, Hajiya, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar, har da wasu daga cikin nas-nas ɗin da ke ƙarƙashinta yanzu. Ita ta fara naɗe hannun riga a gaban kowa a ɗakin haihuwa. Da wata ƙaramar nas ta fara kame-kame, sai ta ce mata: “'Yata, da zan tafi Makka an yi mini ta sanƙarau da ta shawara, ban ce uffan ba. Su hukumomin Saudiyya ma suna shawartar alhazai su yi wannan ɗin. In don Makka ce kowa miƙa hannu yake yi. To jariran nan fa?” Yarinyar ta ce, “To, Mma,” ta zauna. Gani ya kori ji: washegari da aka ga Hajiya ta zo aiki lafiya lau, sai layin ya yi tsawo.

An amsa tambayoyi da Hausa da Twi, baki da baki, kuma an ɗauki ƙa'ida cewa ba za a ƙara gishiri ba. An gaya wa kowa cewa allurar da ake yi a dantse ba ta da ƙwayar cuta mai rai, don haka ba za ta iya sa infuluwenza ba, amma hannu zai iya yin tsami, wani ma ya ji ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya. An gaya musu ba ta hana murar hanci ta yau da kullum, domin wasu ƙwayoyin ne daban ke kawo ta. An kuma gaya musu cewa ko a shekarar da haɗin ya dace sosai, tana rage haɗarin kamuwa ne da kusan kashi 40 zuwa 60 cikin 100, ba ta toshe shi gaba ɗaya. Wasu a kwamitin sun so a ɓoye wannan adadi don kada ya sanyaya gwiwa. Na ƙi yarda, har yanzu kuma ina kan bakana, domin waɗannan mutane ne masu ganin marasa lafiya kullum. Ranar da wanda aka yi wa allura ya kwanta da zazzaɓi, in an riga an yi musu alkawarin ƙarya, an rasa su ke nan har abada.

Maganar alade tana da tushe, shi ya sa ba a yi watsi da ita ba. Akwai nau'in rigakafin da ake fesawa a hanci, wanda ake yi wa yara a Ingila, da ke ɗauke da sinadarin da aka samo daga alade. Namu ba shi ba ne. Mai harhaɗa magani ya ciro takardar da ke cikin kwalin, ya karanta abubuwan da aka haɗa ɗaya bayan ɗaya a gaban masu tambaya, tare da limamin ɗan masallacin asibitin. Liman ya ƙara da cewa allurar da ake yi a tsoka, wadda ba abinci ba ce, ba ta karya azumi a fahimtar mafi yawan malamai, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba kuma ya bari sai bayan magariba, tunda masu zagayawa suna nan da dare. Masu juna biyu likitar mata ce ta zauna da su ita kaɗai.

Gardamar tilastawa

Ɗaya daga cikin likitoci ya kawo shawarar a mai da allurar sharaɗin aiki. Hujjarsa tana da ƙarfi: asibitin Virginia Mason da ke Seattle a Amurka ya yi haka a 2005, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na ma'aikatansa suka karɓa. Ya kuma kawo binciken da aka wallafa a 2000 daga asibitocin tsofaffi 20 a Scotland, inda mutuwar marasa lafiya ta yi ƙasa a wuraren da aka yi wa ma'aikata allura, ko da yake masana na ci gaba da muhawara kan girman wannan tasiri.

An kwana biyu ana ja. Matsayina shi ne asibitin da bai da tabbacin zai samar da allurar baɗi ba, kuma bai biyan ma'aikacin wucin gadi ranar da ya kwanta ciwo, bai kai matsayin da zai ce wa mai shara ko allura ko kora ba. Tilas irin wannan a kan mai ƙaramin ƙarfi take faɗawa, likita kuwa ko ya ƙi babu mai iya sallamarsa. A ƙarshe aka tsaya a tsakiya. Wanda ya ƙi, za a rubuta cewa an yi masa tayi ya ƙi, tare da dalilinsa in ya ga dama ya faɗa, babu hukunci. Amma duk mai tari ko zazzaɓi, ya yi allura ko bai yi ba, ba zai shiga ɗakin jarirai ba, kuma sai ya sa takunkumi a sauran wurare.

Inda aka kwana

Ɗakin haihuwa ya fi ko'ina karɓa, kusan kowa ya yi. Masu shara da masu wanki da masu gadi, waɗanda aka yi zaton su ne za su fi gudu, sun fito fiye da nas-nas na ɗakin maza. Sai da aka sayo kashi na biyu na allurar, kuma babu kwalbar da ta lalace. Waɗanda suka fi turjewa samari ne masu jin ƙarfi, da wasu ma'aikatan ɗakin gwaji da ke ganin ba sa taɓa marasa lafiya, da likitocin da ke zuwa na sa'o'i daga wasu asibitoci, waɗanda zagayen bai cika tarar da su ba. Koke-koken bayan allura ba su wuce tsamin hannu da kasala ba, kuma an rubuta kowanne a fom ɗin kai rahoto.

Daminar da ta biyo baya ba a sake ganin ɗaki ya zama wayam ba, amma kwamitin bai rubuta wannan a matsayin hujja ba, domin ƙarfin cutar yakan bambanta daga shekara zuwa shekara, kuma damina ɗaya a ƙaramin asibiti ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Abin da aka rubuta shi ne an fi samun masu zuwa su ce ba su da lafiya a sauya musu wurin aiki, maimakon su ɓoye.

Mai asibitin ya sa kuɗin allurar a kasafin bana, sai dai farashin dillali yana bin dala, kuma ya ce in ya wuce abin da aka ware, za a fara da ɗakin haihuwa da ɗakunan kwanciya. Kwamitin ya nemi a rubuta a fili cewa masu shara da masu tura marasa lafiya na waɗannan ɗakuna suna cikin wannan sahun farko, an kuma rubuta. Buƙatar a biya ma'aikatan wucin gadi kwana biyu na jinya idan zazzaɓi ya kama su tana gaban shugabanni tun watannin baya, kuma an sa ta a ajandar zaman kwamiti na gaba.